Sivaji Ganesan da Al'adar Furuci a Finafinan Tamil

Idan Bahaushe ya ce fim ɗin Indiya, galibi finafinan Bombay yake nufi, waɗanda ake yi da harshen Hindi, waɗanda suka cika gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos shekara da shekaru. Amma can kudancin ƙasar, a jihar Tamil Nadu, akwai wata masana'anta mai cin gashin kanta, da harshenta da jarumanta da 'yan kallonta. Cibiyarta tana unguwar Kodambakkam ta birnin Madras, wanda aka sauya wa suna zuwa Chennai a 1996. Finafinan wannan yanki sun fi shigowa gidajenmu ta hanyar fassarar Indiya-Hausa, don haka matasanmu sun san Rajinikanth da Vijay da Suriya. Kaɗan ne suka san mutumin da waɗannan jarumai suka taso suka tarar a matsayin ma'auni, wato Sivaji Ganesan, wanda aka haifa ranar 1 ga Oktoba 1928 a Villupuram, ya rasu ranar 21 ga Yuli 2001 a Chennai, bayan ya fito a finafinai sama da 280.

Mai kallon zamani da ya ci karo da tsofaffin finafinansa yakan yi saurin yanke hukunci cewa mutumin yana zaƙewa: ga ɗaga murya, ga zare ido, ga kuka har da shessheƙa. Wannan hukunci bai yi masa adalci ba. Salon Sivaji sana'a ce mai asali da ƙa'ida, an koye ta da wahala, kuma tana da dalilin da ya sa ta ɗauki wannan siffa. Sai an san inda ta fito kafin a iya auna inda ta yi ƙarfi da inda ta gaza.

Makarantar daɓe

Kafin zuwan fim mai magana, nishaɗin ƙasar Tamil yana hannun masu wasan daɓe ne. Akwai wasan titi na gargajiya da ake kira terukkuttu, wanda ake kwana ana yi a dandalin ƙauye. Akwai kuma kamfanonin wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari. A farkon ƙarni na 20 aka samu wani tsari na musamman, wanda marubuci Sankaradas Swamigal yake cikin waɗanda suka kafa shi: kamfanin yara maza zalla. Mai kamfani yakan ɗauki yara, yawancinsu 'ya'yan talakawa, ya ba su ci da makwanci, su kuma su koyi waƙa da rawa da haddar zance a ƙarƙashin horo mai tsanani. Yaran ne suke fitowa a matsayin sarki da bawa da tsoho, su ne kuma suke fitowa a matsayin mata. Daga irin waɗannan kamfanoni M. G. Ramachandran da M. R. Radha da N. S. Krishnan suka fito, kuma daga nan Ganesan ya fito. Ya bar gida tun yana ƙaramin yaro ya bi 'yan wasa, ya daɗe yana ɗaukar matsayin mace kafin a fara ba shi na namiji.

Abin lura a nan shi ne yanayin wurin da aka koyi sana'ar. Rumfa ce babba, cike da ɗaruruwan mutane, hasken fitila bai taka kara ya karya ba, kuma na sahun ƙarshe ya biya kuɗinsa kamar na sahun farko. Ɗan wasan da ya yi magana ƙasa-ƙasa ya cuci rabin 'yan kallo. Wanda ya nuna baƙin ciki da ɗan motsin leɓe kawai, babu wanda zai gani. Dole murya ta fito daga ciki ta isa ko'ina ba tare da ta fashe ba, dole kowane harafi ya fita tangaran, dole gira da kafaɗa da tafiya su taya baki bayani. Yaron da ya yi shekaru yana wannan aiki kullum dare, jikinsa kan zama kayan aiki da yake sarrafawa yadda ya ga dama. Abin da Sivaji ya shigo da shi gaban kyamara ke nan.

Sunan Sivaji ma a kan daɓe ya same shi. A tsakiyar shekarun 1940 ya fito a matsayin Shivaji, sarkin Maratha, a wani wasa da C. N. Annadurai ya rubuta. Periyar E. V. Ramasamy, jagoran gwagwarmayar Dravida, ya kalli wasan ya laƙaba masa sunan sarkin, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Ranar da magana ta karɓi ragama

Fim mai magana na farko a harshen Tamil shi ne Kalidas, a 1931. Shekaru ashirin da suka biyo baya zamanin mawaƙa ne. Jarumi shi ne wanda ya iya rera waƙa, irin su M. K. Thyagaraja Bhagavathar, wanda fim ɗinsa Haridas na 1944 ya shafe sama da shekara biyu ana nuna shi a gidan silima guda a Madras. Labaran yawanci na gumaka ne da waliyyan addinin Hindu, zance kuwa gada ce kawai da ake takawa daga wannan waƙa zuwa waccan.

A daidai lokacin ne 'yan gwagwarmayar Dravida, waɗanda suka kafa jam'iyyar DMK a 1949, suka gane cewa silima mumbari ce. Suna adawa da fifikon da tsarin ajin haihuwa ya bai wa Brahman, suna kishin harshen Tamil, kuma makaminsu shi ne iya magana. Harshen Tamil yana da fuska biyu, na kasuwa da na adabi, tazarar da ke tsakaninsu kuwa babba ce. Masu jawabin jam'iyyar sun ƙware wajen ɗauko Tamil na adabi su jera shi da karin sauti da maimaita harafi, jimla tana hawa kan jimla har taro ya ɗauki sowa. Marubutansu suka zuba wannan salo a cikin fim. Abin da ya rage shi ne bakin da zai iya ɗaukarsa.

Fim ɗin Parasakthi ya fito a watan Oktoba 1952, Krishnan da Panju suka ba da umarni, M. Karunanidhi ya rubuta zancen. Masu kuɗin fim ɗin sun yi ta tababa a kan sabon yaron, wato Sivaji, ramamme ne kuma ba a san shi ba, sai furodusa P. A. Perumal ya tsaya kai da fata sai da shi. Sivaji ya fito a matsayin Gunasekaran, saurayin da ya dawo daga Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka damfare shi ya tsiyace, ƙanwarsa Kalyani ta zama bazawara mai goyo, attajiri ya nemi cin zarafinta, mai hidimar ɗakin bauta ma haka. A ƙarshe aka gurfanar da Gunasekaran a kotu saboda ya far wa mai hidimar. Nan ya tsaya na tsawon mintuna yana juya tuhumar daga kansa zuwa kan al'ummar da ta kori 'yar'uwarsa daga kowace ƙofa.

An yi ta kiraye-kirayen a hana nuna fim ɗin, amma jama'a suka yi ta tururuwa. Aka buga zancen a ƙananan littattafai, aka sayar da shi a faifan garmaho, yara suka haddace. Shekaru da dama bayan haka, duk saurayin da ya je Madras neman shiga fim, jawabin kotun Parasakthi ne jarrabawarsa. Daga wannan shekara ma'aunin jarumi ya sauya. Waƙa ta koma hannun mawaƙan bayan fage irin su T. M. Soundararajan, shi kuma jarumi aka fara auna shi da furucinsa.

Kayan aikinsa

Wanda ya saurari Sivaji da kyau zai gane ihu kaɗan ne daga cikin abin da yake yi da murya. Yakan fara jimla a hankali kamar mai shawara, ya ja numfashi a inda ba a zata ba, ya bar kalma ɗaya ta tsaya ita kaɗai, sannan ya saki sauran a guje. A fim ɗin Veerapandiya Kattabomman na 1959, wanda B. R. Panthulu ya shirya, ya fito a matsayin basaraken da ya ƙi biyan haraji ga kamfanin Turawan Ingila har suka rataye shi a 1799. A fitowar da ya fuskanci jami'in haraji Jackson, yana tambayarsa ko ya taɓa yi musu noma ko shuka da zai zo neman rabo, tambayoyin suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ta baya zafi, amma babu harafin da ya haɗiye. Wannan wasa ya fara yin sa ne a kan daɓe da ƙungiyarsa, Sivaji Nataka Mandram, kafin a mayar da shi fim, don haka ya riga ya gwada kowace jimla a gaban mutane masu rai ya san inda suke ɗauke numfashi. Da wannan fim ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinan Afirka da Asiya da aka yi a Alƙahira a 1960, karo na farko da ɗan wasan Indiya ya samu irin wannan a wani biki na ƙasa da ƙasa.

Bayan murya sai fuska, ita ma tana da nata ilimi. Tsohuwar koyarwar wasan kwaikwayo ta Indiya ta kasa yanayin zuciya gida tara: ƙauna, raha, tausayi, fushi, jarumta, tsoro, ƙyama, mamaki da natsuwa. Kowanne yana da yadda ido da gira da leɓe suke bayyana shi, kuma mai kallo da ya taso cikin al'adar yana karanta su kamar rubutu. Fim ɗinsa na ɗari, Navarathri na 1964, wanda A. P. Nagarajan ya ba da umarni, a kan wannan aka gina shi. Wata budurwa, wadda Savitri ta fito a matsayinta, ta gudu daga gida, ta yi dare tara tana haɗuwa da maza tara, cikinsu har da likita da mashayi da kuturu da ɗan wasan titi, kuma duk Sivaji ne. Kwalliyar fuska ta taimaka, amma ko an cire ta za a bambanta su, domin kowanne da tafiyarsa da yadda yake zama da yadda yake riƙe hannunsa. Sanjeev Kumar ya maimaita wannan gwaji da harshen Hindi a Naya Din Nai Raat a 1974.

Sai kuma lura da sana'ar mutane. A Thillana Mohanambal na 1968 ya fito a matsayin mabushin nadaswaram, wani abin busa mai kama da algaitarmu sai dai ya fi ta tsawo. Wasu 'yan'uwa biyu mabusa daga Madurai, Sethuraman da Ponnusamy, su ne suka yi busar ta gaskiya. Amma wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada zai gane abin da Sivaji ya kama: cikar kumatu, tashin jijiyar wuya, yadda kafaɗa take bin kiɗa, da ɗan kallon da mabushi yake jefa wa makaɗinsa idan an zo gaɓa mai daɗi. Haka yake yi da waƙa. Soundararajan ne yake rerawa, amma maƙogwaron Sivaji yana rawa daidai inda muryar take rawa, har mai kallo ya manta da mutum biyu ne.

Hanya biyu

Ba a fahimtar Sivaji sai an ajiye shi kusa da abokin hamayyarsa, M. G. Ramachandran, wanda aka fi sani da MGR. Makaranta ɗaya suka fito, fim ɗaya tak suka yi tare, Koondukkili na 1954, sannan suka raba 'yan kallon Tamil gida biyu na kusan shekara ashirin da biyar, kowanne da ƙungiyoyin masoyansa. MGR ya gina siffa guda ya tsare ta: mai kare talaka, mai biyayya ga uwa, wanda ba ya shan giya ko taba a fim, kuma da wuya a ga ya faɗi. Ko direban keke ya fito ko masunci, MGR ɗin nan dai ake kallo. Jama'a suka gaskata siffar, ya kafa jam'iyyarsa a 1972, ya zama babban ministan Tamil Nadu a 1977, yana kan kujerar ya rasu a 1987.

Sivaji ya bi ɗaya hanyar, ta sallama kai ga duk matsayin da aka ba shi. Tun yana sabon jarumi ya yarda ya fito a matsayin mayaudarin mata a Thirumbi Paar na 1953. A Andha Naal na 1954, fim ɗin da babu waƙa ko ɗaya a cikinsa, ya fito a matsayin injiniyan rediyo da ya ci amanar ƙasarsa ya yi wa Japan leƙen asiri. A finafinan iyali da ya yi da darakta A. Bhimsingh ya fito da shanyayyen hannu a Bhaaga Pirivinai na 1959, ya fito a matsayin yayan da ƙaunar ƙanwarsa ta cinye rayuwarsa a Pasamalar na 1961, ya kuma fito a matsayin Rahim a Pava Mannippu, yaron da aka haifa a gidan Hindu wani Musulmi ya raine shi. Ya tsufa a fim tun yana matashi, ya makance, ya sha giya, ya mutu sau da yawa.

Wannan zaɓi ya jawo masa asara. Ya rabu da DMK tun a shekarun 1950, ya bi Kamaraj na jam'iyyar Congress, ya zama ɗan majalisar dattawan Indiya a 1982, ya kafa tasa jam'iyyar a 1988, ya tsaya zaɓe a 1989 ya faɗi. Mutanen da suke kuka idan ya yi kuka ba su ga shugaba a cikinsa ba, domin fuska ɗari ya nuna musu, mai jefa ƙuri'a kuwa fuska ɗaya yake nema. Ko kyautar gwarzon ɗan wasa ta ƙasa bai taɓa samu ba, alhali MGR ya same ta da Rickshawkaran na 1971. A ganina wannan rashi shaida ce a gare shi. Ya ɗauki wasan kwaikwayo a matsayin sana'a mai mutuncin kanta, bai mai da ita tsanin hawa wani wuri ba.

Zargin zaƙewa

Duk da haka masu suka ba su rasa hujja ba. Kyamara tana kawo fuska kusa, abin da aka auna don na sahun ƙarshe yakan yi yawa idan ya cika allo. A shekarun 1970 Sivaji yana fitar da finafinai da yawa a shekara guda, daraktoci suka gano abin da 'yan kallo suke tafa wa, suka riƙa neman shi a kowane fim ko labari bai buƙata ba. Uba mai taurin kai da ya yi kyau a Vietnam Veedu na 1970 da Thangappathakkam na 1974 ya riƙa dawowa da sabon suna. Wasu fitowar kukan sun yi tsawon da ya kashe tausayin da suke nema. A lokacin kuma sabon ƙarni ya iso. Bharathiraja ya fitar da kyamara daga ɗakin ɗauka zuwa ƙauye da 16 Vayathinile a 1977, Mahendran ya zo da Mullum Malarum a 1978 inda shiru yake aikin da magana take yi a da. Kusa da waɗannan, salon Sivaji ya fara kama da na jiya.

Amsar da ya bayar a aikace ta fi duk wata kariya da masoyansa za su yi masa. A 1985 Bharathiraja ya sa shi a Muthal Mariyathai, a matsayin dattijon ƙauye da yake zaune cikin aure marar daɗi, ya shaƙu da wata matashiya 'yar mai kwalekwale. Babu doguwar huɗuba, babu tsawa. Mutum ne mai haɗiye magana, yana murmushi rabi, yana kawar da kai idan ido ya ciko. A 1992 kuma ya fito a Thevar Magan a matsayin mahaifin Kamal Haasan, basaraken da ɗansa ya dawo daga Landan da burin barin ƙauye. A fitowar da uban da ɗan suka zauna zancen gado da haƙƙin mutanen gari, muryar nan da ta girgiza kotun Parasakthi tana ƙasa, nauyinta kuwa yana nan. Wannan fim shi aka sake yi da Hindi da sunan Virasat a 1997, inda Amrish Puri ya ɗauki matsayin. Finafinan nan biyu sun nuna cewa ƙarar da aka san shi da ita zaɓi ce da zamani da daraktoci suka nema. Wanda ya mallaki muryarsa da gaske shi ne yake iya sauke ta.

Karramawa ta zo daga baya. Faransa ta ba shi lambar Chevalier a 1995, Indiya ta ba shi kyautar Dadasaheb Phalke ta 1996, wadda ita ce mafi girma a harkar fim ɗin ƙasar. Amma gadonsa ya fi bayyana a cikin waɗanda suka biyo baya. Kamal Haasan ya yi wasa kusa da shi tun yana yaro a Paarthaal Pasi Theerum na 1962, ya kuma ɗauko ɗabi'ar sauya kama daga fim zuwa fim. Rajinikanth, wanda sunansa na yanka Shivaji Rao ne, sai da darakta K. Balachander ya sauya masa suna saboda Sivaji ɗaya ne a masana'antar, kuma Sivaji ne ya fito a matsayin mahaifinsa a Padayappa na 1999. Gajeren kirarin da jaruman Tamil suke jefa wa bos a yau, wanda 'yan kallo suke jira su haddace, jikan doguwar huɗubar 1952 ne.

Abin da ya shafe mu

Akwai abu biyu a nan ga mai kallo da mai shirya fim na ƙasar Hausa. Na farko, fassarar da ta kawo mana finafinan kudancin Indiya ta yi amfani, ta buɗe labari ga wanda ba ya karatu, amma tana cire muryar ɗan wasa ta ɗora wata. A al'adar da aka gina a kan furuci, wannan cire rabin aikin ne. Mai son ya san abin da Sivaji ya yi, ya nemi finafinansa da muryarsa ta asali da fassarar rubutu a ƙasa. Ko bai ji Tamil ba, kunnensa zai ji hawa da sauka.

Na biyu ya fi muhimmanci. Mu ma 'yan wasanmu na farko daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da rediyo da talabijin suka fito. Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, sun iya Hausa a baki kafin su iya tsayuwa gaban kyamara, kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990. Yau ƙungiyoyin sun yi rauni, ana ɗauko ɗan wasa saboda fuskarsa ko yawan mabiyansa a intanet, a miƙa masa zance ana gab da ɗauka. Babu mai fatan a dawo da wahalar da yaran kamfanonin wasan daɓen Tamil suka sha. Abin da ake buƙata shi ne wurin koyo: daɓe a makarantu da unguwanni, marubutan da suke auna jimla kafin su ba ɗan wasa, da daraktocin da za su ba shi lokaci ya haddace ya gwada. Ina kira ga masu shirya finafinanmu da sassan koyar da Hausa da wasan kwaikwayo na jami'o'inmu su ɗauki wannan aiki da gaske, domin harshen Hausa yana da ƙarfin da zai ɗauki irin abin da Sivaji Ganesan ya yi da Tamil, idan aka horar da bakin da zai furta shi.